Likitan da ke son ƙwarewa a anapat na hanji da hanta, ina ya kamata ya nufa?

Ƙannena likitoci na Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Njamena, kafin kowa ya fara tara dosiye, ku sani ba a shiga wannan fannin kai tsaye. Dole sai mutum ya gama anapat gaba ɗaya tukun, wato karatun duba tsokar da aka ciro daga jikin majinyaci a mikroskop, sannan ya ware kansa ga tumbi, hanji, hanta da pankiriyas. A tsarin Faransanci ana kiran wannan karatun ƙwarewar DES, na shekara 4 ne, ana yi a Yawunde, Dakar ko Abijan.

Amurka ce kowa ke fara ambata, kuma gaskiya horonsu na fannin hanji da hanta na da kyau, shekara 1 ce kana kan biyopsi, wato ɗan guntun tsokar da ake cirowa don gwaji, safe da yamma. Amma kafin ka kai can sai ka ci jarabawar USMLE ta izinin aikin likita a Amurka, ka samu takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, kuma yawanci sai ka sake horon anapat ɗin daga farko a can, shekara 3 ko 4, ko da kana da DES a hannu, ga Turanci ga kuɗin jarabawa da dala. Sannan hukumarsu ta anapat ba ta ba da wata takardar ƙwarewa ta daban a fannin hanji, shaidar asibitin da ka yi horo ce kawai. Wanda ke da iyali kuma niyyarsa ya dawo gida ya yi aiki, ni dai ban ba shi shawarar wannan hanyar ba. Ingila ma kusan haka, jarabawarsu ta ƙwarewa FRCPath kashi biyu ce, ga rajista da hukumar likitocinsu GMC.

Faransa ta fi kusa da mu ta kowane ɓangare. Akwai takardun horo biyu na likitocin waje, DFMS ga wanda ke cikin karatun ƙwarewa, da DFMSA ga wanda ya riga ya gama, ita wannan wata 6 ce ko shekara 1, kuma ta jami'ar Strasbourg dosiye ke bi. Ana ɗaukarka FFI, wato kana aiki a matsayin likita mai koyon ƙwarewa, ana biyanka ɗan abin da zai riƙe ka, sai dai ku lura takardar ba ta ba mutum izinin zama ya yi aikin likita a can. Abin da zan ja hankalinku a kai shine sunan gari ba komai ba ne, sashen da za a kai ka shine magana. Asibiti irin Beaujon da ke Clichy an san shi da hanta da pankiriyas, wani wurin kuma sai ka shekara kana ganin fata da nono, hanji sai jefi-jefi. Toh ka rubuta wa shugaban sashen ka tambaya, biyopsin ciki nawa ke shigowa, ana yin tiyatar hanta a asibitin, kuma za a bar ka ka rubuta sakamako da kanka babba ya gyara maka ko kallo kawai za ka yi ta bayan kafaɗa.

Najeriya kuma mutanenmu na raina ta ba gaira ba dalili. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Maiduguri na horar da masu anapat, kana jin Hausa kana gida, kuma cututtukan irin namu ne sak, ciwon hanta na B da kansar hanta da ke biyo bayansa, gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara da suka yi fumfuna, tibi na hanji, ƙwan tsutsar bilharziya a bangon hanji irin wanda masu shiga ruwan Lagdo da Maga ke kwasa. Wannan a Turai sai ka daɗe ba ka gani ba. Matsalar Najeriya karatun da Turanci ne, kuma ka tabbatar tun kafin ka tafi cewa za a amince da takardar idan ka dawo.

In ni za a tambaya, DES a Afirka, sannan DFMSA shekara guda a sashen da hanji da hanta ne aikinsu. Kuma don Allah in ka je kar ka tsaya kan mikroskop kaɗai, ka shiga labo wajen masu yanka, ka koyi yadda ake jiƙa tsoka a formol kashi 10 cikin 100, wato ruwan da ke hana ta ruɓewa, da zuba farafin, kakin da ake daskarar da ita a ciki, da yankan mikrotom, na'urar da ke yanka ta siriri, saboda a nan arewa kai ne za ka koya wa ma'aikatanka, kuma tsokar da ta kwana a mota cikin zafin watan Afrilu babu isasshen formol babu gwanin da zai karanta ta. Ka koyi gwajin imuno, wato rini na musamman da ke nuna wasu furotin a tsoka, na MMR a kansar babban hanji da na HER2 a kansar tumbi, amma ka fi ba da ƙarfi ga abin da za ka iya ganewa da rinin yau da kullum na HE kaɗai, don shi za ka samu a hannu ranar farko. Ka kuma karɓi lambobin malamanka, akwai ranar da za ka ɗauki hoton lam mai wuya, wato gilashin da ake ɗora tsoka a kai, ka tura musu su duba tare da kai.