Tashar da ke ba jami'armu wuta, zafi da sanyi: abin da na gani cikin shekara huɗu

Ni ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin da ke hana ni barci firizoji shida ne masu riƙe da samfuran jini a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wuta ta ɗauke na wuni guda, wahalar ɗalibai ta shekaru ta narke ke nan. Da wannan mudun nake auna tashar jami'armu.

Injinta mai farfela ne irin na jirgin sama, yana ƙona iskar gas ya ba da lantarki. Abin da ya burge ni shi ne ba a barin zafin hayaƙinsa ya tashi a banza. Ana bi da shi ta tukunya ya zama tururi, tururin ya ɗumama gine-gine, ya ba mu ruwan zafi, har tukunyarmu ta kashe ƙwayoyin cuta da shi take aiki. Lokacin zafi kuma, wannan tururin ne dai ke tuƙa na'urar da ke sanyaya ruwa zuwa wajen digiri 6, a tura shi ta bututu zuwa ajujuwa. Sai da wani injiniya ya zana mini a takarda kafin na yarda zafi na iya haifar da sanyi. Tashar lantarki irin ta gama-gari kan zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin makamashinta. Irin tamu kan mori fiye da kashi 70 cikin ɗari.

Sau biyu babban layin wuta ya yanke, tashar ta ware kanta ta ci gaba, ƙararrawar firizojina ko motsi ba ta yi ba. Haka ta Jami'ar Princeton a Amurka ta yi lokacin guguwar Sandy a 2012.

Ƙorafina biyu ne. Duk shekara ana kashe tururi na kwanaki don gyara, sanarwar kuwa sai ta zo a ƙurarren lokaci. Bara sai da na soke gwajin mako guda. Na biyu ya fi damuna: gas dai gas ne, hayaƙinsa na ƙara ɗumamar yanayi. Jami'ar Stanford a Amurka ta rufe irin wannan tasha a 2015 ta koma tattara zafin da gine-gine ke fitarwa. Na tambayi masu tashar tamu ko akwai irin wannan shiri, har yau ina jiran amsa.