Little CMS: gwanin juya launi ne, amma sai an kawo masa furofil na ƙwarai

Duk mai buga kalandar biki ko banar siyasa a Sakkwato ya san rigimar nan: kore shar a allo, a kan leda kuma ya fito kamar miyar kuka. Little CMS, injin juya launi da masu rubuta manhaja ke sakawa cikin manhajarsu, wanda Marti Maria ya soma a 1998, don wannan matsalar aka yi shi. Kyauta ne, da harshen C aka rubuta shi, kuma shi ke aiki a cikin manhajojin hoto da ɗab'i irin su GIMP da Krita da Scribus.

Ba ya haɗa allo da firinta kai tsaye. Kowace na'ura da furofil ɗinta na ICC, wato fayil mai bayanin yadda take fitar da launi. Sai ya kai launin wani ma'auni na tsakiya, CIELAB ko XYZ bisa ma'aunin hasken rana na D50, daga nan ya sauke shi zuwa tawada. Saboda haka in an sauya firinta, furofil ɗaya kawai za a sauya, sauran manhajar ba a taɓa ta. Wannan ne ya fi burge ni.

Matakan amfani da shi uku ne: cmsOpenProfileFromFile don buɗe furofil, cmsCreateTransform don gina hanyar juyin, sai cmsDoTransform don juya launin. Na biyun shi ke cin lokaci, don haka a gina shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi, kada a sa shi cikin zagayen kowane layin hoto.

Inda ake tuntuɓe shi ne bayanin tsarin hoton. OpenCV, manhajar sarrafa hoto, tana jera shuɗi kafin ja, to in ka ce TYPE_RGB_8 maimakon TYPE_BGR_8, fuskar amarya za ta fito shuɗiya, kuma Little CMS ba zai ce maka uffan ba. JPEG na CMYK (launukan tawada huɗu) daga Photoshop yakan zo a juye, TYPE_CMYK_8_REV yake buƙata. In kuma aka zaɓi salon juyi na INTENT_RELATIVE_COLORIMETRIC ba a kunna daidaita baƙi ba, aikin zaren da ke kan baƙar babbar riga sai ya nutse.

Ƙorafina ɗaya: ba ya auna firinta. Wannan sai manhajar haɗa furofil irin su ArgyllCMS da na'urar awon launi. Ɗauko furofil na FOGRA39 daga intanet ba mafita ba ce, don an yi shi ne domin takarda mai sheƙi ta injin ofset, ba ledar bana ba. Da an sauya tawada ko leda, a sake awo.