Karatun Asabar a Yelwa: wata huɗu ina zuwa

Ƙanwar maigidana ce ta ja ni. Ta ce akwai wata malama a unguwar Yelwa, nan Garwa, da ke karantar da mata tsofaffin littattafai duk Asabar bayan La'asar, jaka biyu a wata. Na ce mata ni da na sauke Ahalari da Ishmawi tun ina budurwa, me kuma za a gaya mini? Ta ce, "Yaya, ki dai zo sau ɗaya."

Ranar farko malama ta raba mana takarda mai ɗauke da isnadin Sahihul Buhari, ta ce kowa ta bi sunayen da yatsa. Wane daga wane, wane daga wane, sai yatsana ya tsaya a kan Karima 'yar Ahmad al-Marwaziyya. Mace ce, a Makka take, manyan malamai maza na zuwa ɗaukar Buhari a wurinta, ta rasu a shekara ta 463 bayan Hijira. Shekara nawa ina jin ana karatun Buhari, ban taɓa jin an ambace ta ba.

Haka malama take yi da kowane littafi. Ta buɗe, ta tambaya: ina matan suke a nan? Su ke magana, ko maganarsu ake yi? Ba ta kawo wani sabon addini ba, na faɗi haka ne saboda masu cewa irin wannan karatu ɗabi'ar Turawa ce. Littattafan nan dai su ne ke jibge a zauren kakanninmu.

Inda kuɗina ya fita shi ne makonni uku da muka yi a kan Nurul Albabi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A ciki Shehu ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar ƙwaryar da za a yi ta aiki da ita har ta fashe a jefar a juji. Malama na gama fassara ɗakin ya yi tsit, sai wata ta ce, "To, da maigidana Shehu yake." Dariya har da masu riƙe ciki. Daga nan muka shiga Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma naɗa jajoji, wato mata masu koyarwa, ta sa musu malfa, suna kai karatu ƙauyuka wurin 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu. Malama ta rera baiti biyu na Fulatanci, wata Hajja tsohuwa da ke jingine da bango ta karɓe daga bakinta, ta ce kakarta ke rera shi in tana kaɗi. Ban yi mamaki ba. Tutar da Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓo a 1809 daga hannun mahaifin Asma'u ta fito, ai Asma'u ba baƙuwa ba ce a nan bakin Binuwai.

Sai dai akwai gyara. Takardun da ake raba mana hoton hoto ne, gefen ya yi baƙi ƙirin, wasullan ajamin sun goge, sai ka rasa kalmar Hausa ce ko Fulatanci. In bayani ya yi daɗi kuma malama kan zarce da Fulatanci, mu da muke tsintar sa a kasuwa mu yi zuru. Ɗakin ba fanka, kowa kuwa ya san Garwa a watan Afrilu.

Babban ƙorafina wani ne. Malama na jin daɗin wuraren da littafi ya yabi mata, in an zo inda ke da nauyi sai ta yi sauri. Na tambaye ta maganar shaidar mace da rabon gado, yadda malaman Malikiyya suka yi bayani da dalilinsu, ta ce, "'Yata, wannan sai mun kai Risala." Wata biyu ke nan, Risala na kan kanta, ƙura ta rufe ta. Ni kuwa don irin waɗannan babukan na fi son a zauna.

Duk da haka na biya kuɗin wata na biyar. Asabar mai zuwa za mu fara littafin Zarkashi da ya tattara wuraren da Nana A'isha ta yi wa sahabbai gyara. Mai son zuwa ta riƙo tabarma, da mafici, da sefa 500 na takarda.