Kasuwar hasashe ko gidan caca: abin dubawa game da zagayen farko na wasan bezbol

A gasar MLB, babbar gasar wasan bezbol ta Amurka, inda ƙungiyoyi 30 ke buga wasa 162 kowacce a kaka guda, ana zuba kuɗi a kullum a kan tambaya ɗaya: shin za a ci maki a zagayen farko, ko kuwa za a fitar da 'yan wasa shida, uku daga kowane ɓangare, ba tare da an ci komai ba? Masu harkar suna kiran zaɓin rashin ci NRFI, na ci kuma YRFI. Hanyoyin shiga iri biyu ne, kuma bambancinsu yana cikin farashi.

A gidajen caca irin su DraftKings da FanDuel, waɗanda suka bazu bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 da ya bai wa jihohi damar halatta cacar wasanni, kamfanin ne ke yanka farashi, shi ne kuma abokin karawarka. Idan aka rubuta -110, ana nufin za ka ajiye dala 110 domin ka ci dala 100, wato sai hasashenka ya yi daidai sau 52.4 cikin ɗari kafin ka fita ba riba ba asara. A kasuwar hasashe kuwa, kamar Kalshi da ke ƙarƙashin kulawar CFTC, hukumar gwamnatin Amurka mai sa ido kan irin wannan ciniki, mutane ne ke saye da sayarwa a tsakaninsu. Ana sayen kwantiragi tsakanin senti 1 da 99, idan hasashen ya tabbata a biya dala ɗaya. Kana iya sayar da naka kafin a fara wasa, sai dai kuɗin hidimar Kalshi ya fi yawa idan farashi na kusa da senti 50, kuma a nan ne wannan tambaya ta zagayen farko ta fi zama. Ranar da masu ciniki suka yi ƙaranci, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kan haɗiye ɗan rangwamen da mutum ya zo nema. Polymarket, wata kasuwar hasashen, ta yi suna ne da ciniki da kuɗin kirifto na USDC, kuma a 2022 CFTC ta ci ta tarar dala miliyan 1.4, don haka wajibi ne mutum ya tabbatar dokar inda yake zaune ta yarje masa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ƙa'idar biyan kuɗi, wadda mutane da yawa ba sa karantawa. Idan ruwan sama ya sa aka ɗage wasa, ko aka canza mai jifan da aka sanar zai fara, wato ɗan wasan da ke jefa wa masu bugu ƙwallo, wani dandali yana mayar da kuɗi, wani kuma yana barin cinikin yadda yake, alhali mai jifan ne ginshiƙin hasashen gaba ɗaya. Filin wasa ma yana da tasiri: a Coors Field na birnin Denba, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, ƙwallo ta fi yin nisa, kuma a zagayen farko gwanayen bugu ne ke fara fitowa.

Ga Musulmi, canza sunan harkar daga caca zuwa ciniki bai kawar da tambayar halacci ba, ya kamata ya nemi fatawar malami kafin ya buɗe asusu a ko wanne daga cikinsu.