Saitin kayan koyon besbol: wata uku muna amfani da shi ni da yarona

Abin da ya ja ni cikin besbol wani bidiyo ne na wasan ƙarshe na gasar World Baseball Classic ta 2023, wanda Japan ta doke Amurka da ci 3 da 2. Shohei Ohtani na Japan ya yi jifa, Mike Trout na Amurka ya kai bugu ya daki iska, sai kawai fili ya kaure da ihu 'yan wasa suna rungumar juna, alhali ba abin da aka zura a raga kuma ba wanda ya yi gudu ma. Yarona yana gefe ya ce Baba wai me suka yi suka ci? Ba ni da amsa. Tambayar nan ce ta sa na yi odar wani saitin kaya na masu koyo, kuma tunda yanzu mun yi wata uku muna dukansa kusan kullum da yamma, na ga ya kamata in faɗi yadda na same shi.

A cikin jakar akwai kulkin bugu na alminiyam, safar hannu biyu babba da ƙarama, ƙwallo uku, faifan roba huɗu na tasha wanda su suke ce wa bes, wani turken roba da ake ɗora ƙwallo a kai a buga, sai ɗan littafin dokoki mai zane-zane. Littafin ne na fi rainawa ranar da na buɗe jakar, kuma shi ne ya zama abu mafi amfani a ciki.

Dalili kuwa, bai fara da tarihi ko sunayen wurare ba, da awut ya fara, wato fitar da ɗan wasan ƙungiyar da ke bugu. Shafin farko cewa ya yi ka manta da agogo, a wasan nan awut shi ne lokaci. Ƙungiya biyu, kowacce mutum tara, ɗaya tana bugu ɗaya tana tsaron fili, masu bugu za su yi ta bugawa ɗaya bayan ɗaya har sai masu tsaro sun fitar da mutum uku daga cikinsu, daga nan a yi musanya. In kowace ƙungiya ta buga nata an gama zagaye ɗaya ke nan, shi ne inin, kuma inin tara ake yi. Wato kowace ƙungiya awut 27 ne jarinta, duk abin da za ta ci sai ta ci shi kafin su ƙare. Wallahi ina karanta wannan kaina ya waye, domin da ina kallon wasan ne da idon ɗan ƙwallon ƙafa ina neman minti nawa ya rage, ashe abin da ya kamata in ƙirga daban ne. Ba yadda za a yi wanda ke kan gaba ya ɓata lokaci ya cinye wasa, dole ne ka jefa wa abokin karawarka ƙwallo ka ba shi damarsa har ta ƙarshe, kuma ni wannan ya fi komai burge ni a wasan.

Daga nan ya shiga tsakanin mai jifa da mai bugu, nan ma zanen ya yi kyau sosai. An zana wani akwati a iska a saman faifan gida, wato wanda mai bugu ke tsayawa a gefensa, faɗinsa inci 17 daidai da faifan, tsayinsa daga wajen ƙasan ƙirjin mai bugu zuwa ƙasan gwiwarsa. Ƙwallo ta wuce ta cikin akwatin ba ka buga ba, strayik. Ka kai bugu ka rasa, ko ta ina ta bi, strayik. Ta wuce ta waje ka ƙyale ta, wannan bol ne, laifin mai jifa. Strayik uku ka fita, bol huɗu ka taka zuwa tasha ta farko kyauta. Sai batun fawul, wato ka buga ta fita wajen layin nan biyu da suka tashi daga gida, ana ƙirga shi strayik amma ba ya zama na uku, shi ya sa za ka ga mutum yana da strayik biyu ya yi ta buga fawul sau biyar sau shida yana nan daram. Yarona cikin kwana biyu ya haddace wannan, har shi ke yin alƙali yana ɗaga hannu.

Maki kuma hanya ɗaya ce tak. Ka bar gida ka bi ta dama, tasha ta farko, ta biyu, ta uku, ka dawo gida, maki ɗaya. In ka maka ta ta tsallake katanga ta tsakanin layukan nan, hom ron ke nan, kai da duk wanda ke tsaye a tasha ku zagayo abinku. A filin manya ƙafa 90 ne tsakanin tasha da tasha, wajen mita 27, mai jifa kuma yana nesa da gida ƙafa 60 da inci 6. Littafin ya kawo awon yara irin na Little League, ƙafa 60 tsakanin tasoshi da ƙafa 46 na jifa, su inin shida suke yi, da wannan awon muka shimfiɗa faifanmu.

Inda littafin ya gaza, kuma gazawa ce babba, shi ne yadda ake fitar da mai gudu. Layi biyu kacal ya ba shi. Ya ce in an cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa mai bugu ya fita, wannan ba matsala. Sannan ya ce ana fitar da mai gudu ta hanyar taɓa shi da ƙwallo ko taka tasha, shi ke nan ya wuce, bai ce yaushe ake wannan yaushe ake wancan ba. Mun yi kusan sati biyu muna gardama da yaron a kan haka, shi yana cewa ya taka tasha kafin in iso don haka na fita, ni ina cewa ai bai taɓa ni ba, kuma kowa yana nuna layin littafin a matsayin hujja. Sai da na zauna na kalli wasanni da yawa na gane. Mutum biyu ba sa zama a tasha ɗaya, to in an buga ƙwallo ta ƙasa mai bugu dole ya nufi ta farko, wanda ke ta farko dole ya matsa ta biyu, haka har gaba in an cika. Duk wanda gudun ya zame masa dole, taka tashar da ya nufa da ƙwallo a hannu ya isa. Wanda kuwa ba kowa a bayansa da zai tura shi, shi ya ga dama ya tashi, sai an taɓa jikinsa. Wannan rabin wasan ne fa, ba abin da za a dunƙule a layi biyu ba. Haka kuma bai faɗi cewa in an cafe a sama dole mai gudu ya koma ya taɓa tasharsa kafin ya sake tashi ba, bai kuma ce tasha ta farko ana iya wuce ta da gudu ba tare da an fitar da kai ba muddin ba ka nufi ta biyu ba. Na rubuta su da biro a bangon littafin.

Sannan da alama littafin tsohon bugu ne. Ya nace cewa ba agogo kwata-kwata, alhali tun 2023 gasar MLB ta Amurka ta sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 in ba kowa a tasha, in da mutum kuma 18 yanzu. Asalin maganar ba ta canja ba, awut ne ke ƙare wasa, amma mai koyo zai kunna talbijin ya ga lambobi suna sauka ya rikice. Bai kuma ambaci ɗan wasan da ke bugu a madadin mai jifa ba, wanda ɓangaren MLB da ake kira American League ya fara a 1973, ɗaya ɓangaren, National League, ya bi sahu a 2022.

Kayan kansu dai ba laifi. Kulkin ba nauyi, yaro yana juya shi ba wahala, sai dai a sani 'yan MLB na itace suke amfani da shi, ƙararsa ma daban ce. Turken roba na so shi ƙwarai, don mai koyo ba zai iya samun ƙwallo mai tafiya ba a makon farko, in ya yi ta rasawa zuciyarsa za ta mutu, amma a kan turke yana ji tana tashi. Faifan tasha sun yi sirara, suna zamewa in an taka da gudu.

Safar hannun ce ta ba mu aiki. Ta zo a sandare kamar busasshiyar fata, ba ta rufuwa, ƙwallo na shiga tana fitowa. Abin da ya yi mana magani shi ne mu sa ƙwallo a ciki mu ɗaure da igiya ta kwana, da yamma kuma a yi ta jifa da cafewa, bayan kamar sati uku ta yi laushi. Kuma mai saye ya lura, a hannun da ba ka jifa da shi ake sa ta, na-dama a hagu yake sawa, duka biyun da ke jakar na na-dama ne, in yaronka bahago ne sai ka nemo masa daban.

Ƙwallayen biyu masu taushi ne, ɗaya ta gaske ce mai jan ɗinki 108, nauyinta bai kai giram 150 ba amma tauri gare ta kamar dutse. Abin da ya ɓata min rai da gaske shi ne an sa irin wannan ƙwallo a kayan yara ba a sa hular kwano ba, ko gargaɗi babu a littafin. Ni na ɓoye ta, cafewa kawai muke yi da ita a hankali.

Kwanan baya muka sake kunna bidiyon can daga farkon inin na tara. Ohtani ya yi wa mutumin farko bol huɗu ya tafi kyauta, Mookie Betts ya buga ta ƙasa, aka jefa ta biyu aka taka aka jefa ta farko aka taka, yaron ya miƙe tsaye yana cewa Baba ka gani, dole ce, ba sai an taɓa su ba, awut biyu a bugu ɗaya. Trout ya zo, ƙirge ya kai bol uku strayik biyu, wasu jifan sun kai mil 100 a awa, wajen kilomita 160, na ƙarshen ya lanƙwasa ya kauce wa kulki. Awut na 27. Da yake Japan ce mai bugun ƙarshe kuma tana gaba, ba ta ma buƙaci buga nata rabin ba, shi yaron ne ya yi min wannan bayanin.

Wanda bai san komai ba kamar yadda muke a da, saitin zai yi masa, in dai ya haɗa littafin da kallon wasa na gaske don cike gurbin nan na masu gudu. Hular kwano biyu na yi oda jiya, in sun iso za mu fito da ƙwallon gasken mu fara bugunta daga kan turke.