Kayan gola sun yi kyau, amma an manta yarona bahago ne

Shekara uku ke nan yarona yana buga hokin ƙanƙara a nan birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, bara kuma ya kafe shi sai gola. Da kayan aron ƙungiya ya fara, har ƙafa ta yi tsawo suka yi masa kaɗan. Na daure na je wani shago da iyayen yara ke yabo, muka ba da odar kaya a yi masa daidai jikinsa: garkuwar ƙafa, safar kamu, da safar tarewa mai allo a bayanta. Kuɗin kam kun sani, ba sai na faɗa ba.

Ranar awo na ji daɗinsu ƙwarai. Saurayin shagon ya auna daga idon sahu zuwa tsakiyar gwiwa, ya sa shi ya ɗaura takalmin ƙanƙararsa, sannan ya ce ya zube kan gwiwoyi ya baje ƙafafu, durƙuson nan da suke wa laƙabi da malam-buɗe-littafi. Ya nuna mini in gwiwa ba ta sauka a tsakiyar matashin da ke ciki ba, ƙanƙara za ta riƙa duka. Har ya hana ni sayen babba wai don yaro ya girma a ciki. Muka zaɓi fari da shuɗi, da ƙarin inci 1 a saman cinya.

Sau biyu na faɗa masa yaron bahago ne. Yawanci gola da hannunsa mai ƙarfi yake riƙe sanda, a hannun nan kuma yake sa safar tarewa, saboda haka bahago safar tarewa a hagu take, ta kamu a dama. Ya ce ya rubuta.

Sati 8 muna jira. Ranar da kaya suka iso, yaro ya yage kwali a tsakiyar falo, ya zura hannu, sai ya yi tsit. "Baba, ai na ɗaya hannun ne." Idonsa ya ciko da hawaye, ga wasa ranar Asabar. Wallahi raina ya ɓaci. Na koma shagon, da farko aka ce kayan oda ba a mayarwa. Sai da na fito da rasit, ga rubutun nasu ɓaro-ɓaro, sannan aka fara ba ni haƙuri.

Garkuwar ƙafar dai ban da abin cewa. Ba nauyi, tana sulɓi a kan ƙanƙara, in ya durƙusa tsakanin ƙafafunsa rufewa yake ruf. Kocinsu ma ya yaba. Don ita kaɗai da sai in ce ku je.

Amma in na tuna abin da ya biyo baya sai zuciyata ta sake tashi. Masu shagon sun ara masa tsohuwar safar kamu kafin a sake yin tasa, tafinta duk ya saki. Faifan robar da ake bugawa nauyinsa kusan giram 170 ne, ga tauri kamar dutse. Wasa biyu kacal, yatsansa ya kumbura, uwarsa tana gasa masa da ruwan ɗumi tana harara ta. Wasu sati 6 muka ƙara jira, ko sisi ba a rage mana ba, kuma ba wanda ya ɗaga waya ya ce ya jikin yaro. Duk mai ɗa bahago, kada ya bar shago sai ya ga an shigar da hannun a kwamfuta da idonsa.