Hannun PS5 da na Xbox: wanne ya fi yankewa, kuma ko abin ya kai a canza na'ura?

Yaya, ka ce ka saya wa yara PS5 sabuwa dal, amma hannun, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasan, yana yankewa ana tsakiyar wasa, wani lokacin ma fitilarsa ta yi ta ƙyafta shuɗi ta ƙi tsayawa. Wani ya ce maka Xbox ba ta wannan, shi ne kake tambaya ko ka mayar ka karɓo Xbox Series. Ni dai shawarata kada ka mayar tukuna. Kowacce tana da irin tata yankewar, kuma mafi yawan abin da ke kawo ta a cikin ɗakin da aka ajiye na'urar yake, ko a kebul, ko a batir. Idan ba a gano wanne ne a ciki ba, ana iya yin gudun gara a faɗa gidan zago.

Asalin bambancin yana hanyar da kowane hannu yake bi ya isa ga na'urarsa. DualSense, hannun PS5, da Bluetooth yake aiki. Shi kuwa Bluetooth a zangon gigahaz 2.4 yake, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin: Wi-Fi ɗin gida yana nan, da abin sauraro na kunne, da agogon da ake haɗawa da waya, da intanet ɗin da ake rabawa daga waya zuwa waya, har injin maikirowef na ɗumama abinci yana zuba hayaniyarsa a wannan zangon. Bluetooth yana da dabarar kaucewa. Ya raba zangon gida 79, yana tsalle a tsakaninsu har sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, yana tsallake waɗanda suka cika. Dabarar tana aiki sosai a gidan da ke tsaye shi kaɗai. To amma dubi irin zamanmu a Makka, imara ɗaya, wato dogon bene, gida goma ko fiye, kowa da rawutarsa, akwatin raba Wi-Fi, ta STC ko Mobily ko Zain, ga ta maƙwabcin sama ga ta na ƙasa. Buɗe Wi-Fi a wayarka a kowane bene na Shara Mansur ko Misfala ka ga jerin sunayen da za su fito. Idan azumi ya zo ko lokacin aikin Hajji, gida ya cika da baƙi, kowa da wayarsa, cinkoson ya ƙaru.

Hannun Xbox ma yana da Bluetooth, amma na haɗawa da waya ne da kwamfuta. Tsakaninsa da ita na'urar, wata hanya ce ta daban wadda Microsoft ta ƙera wa kanta, Xbox Wireless. Kamfanin ya ce tana kai nisan mita 6 zuwa 9, kuma na'ura ɗaya tana ɗaukar hannu takwas, inda PS5 ke tsayawa a huɗu. A gida mai cinkoson sigina, na fi natsuwa da hanyar Xbox, wannan ba zan ɓoye maka ba. Sai dai wanda ya ce maka ba ta yankewa ya yi saurin magana. Na'urorin biyu a watan Nuwamba na 2020 suka fito, kuma a farkon 2021 Microsoft da bakinta ta amsa cewa hannun Series yana yanke wa wasu mutane, sai da ta fitar da gyara ta hanyar sabunta manhaja.

Gyaran wannan ɓangaren a PS5 ba ya cin ko riyal ɗaya. Fito da na'urar daga cikin kabad idan a ciki take, kada a cusa ta bayan talabijin, kuma a raba ta da rawuta, don da yawa daga cikinmu a kan teburi ɗaya muke jera su saboda soket ɗaya ne a bangon. A saitin intanet na PS5 akwai inda ake zaɓar zangon Wi-Fi. Mayar da shi gigahaz 5, sai na'urar ta daina gogayya da hannunta a zango ɗaya. Idan kebul ɗin intanet zai kai daga rawuta zuwa na'urar, ya fi duka. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika kawo shi a rai ba: faifan ajiya na waje da ake soka wa a USB 3. Tun 2012 kamfanin Intel ya yi bayanin cewa irin wannan mahaɗin yana fitar da hayaniya a daidai gigahaz 2.4. Idan yaran sun soka irinsa, a cire shi a gwada.

Amma ƙyaftawar shuɗin nan da ka ambata ta fi kama da wani abu daban. Hannun yana neman na'ura ne bai same ta ba, kuma babban dalili shi ne an haɗa shi da wani abin. Tambayi yaran, cikin lallami, ko wani ya haɗa shi da waya ko kwamfuta, ko ya tafi da shi gidan abokinsa. A yadda aka san DualSense tun fitowarsa, na'ura ɗaya yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa. Da zarar an danne maɓallin PS tare da na Create an haɗa shi da waya, ya manta da PS5, ba kuma zai dawo ba sai an soka masa kebul an danna PS. A 2025 Sony ta fitar da sabuntawar da ke ba shi damar riƙe na'urori har huɗu, ana sauyawa da maɓallin PS haɗe da ɗaya daga cikin maɓallan nan huɗu masu alama. Ci gaba ne, sai dai yanzu hannun yana iya zama a gurbin waya alhali yaro yana gaban talabijin yana jira. Xbox ta riga ta warware wannan cikin sauƙi: hannun Series yana riƙe na'urar da kuma abu na ƙarshe da aka haɗa shi da shi ta Bluetooth, danna ƙaramin maɓallin haɗawa na samansa sau biyu a jere ya koma gida. Idan ma ya manta gaba ɗaya, maɓalli ɗaya a jikin na'ura, ɗaya a jikin hannu, shi ke nan, ba a neman kebul.

Kebul ɗin nan shi ne inda zan ɗan daɗe, don a nan ake gane mai laifi. PS5 ba ta karɓar hannunta na farko sai ta kebul, kuma ba kowane kebul ba. Kasuwa cike take da USB-C na caji zalla, irin wanda ke zuwa da ƙaramar fanka ko fitilar caji, wanda babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsa. Ka soka, fitilar hannun ta kawo ruwan lemo alamar yana caji, ka ɗauka komai daidai, alhali na'urar ba ta ji komai ba. A nemo wanda ya zo a cikin kwalin. A gidajenmu kuwa ka san makomar irin wannan kebul, kwana biyu sai ka tarar da shi a ɗakin uwar gida ana cajin waya.

Sannan ga abin da ke ruɗa har waɗanda suka daɗe suna wasa. A Xbox, da ka soka kebul hannun ya koma aiki ta kebul ɗin kai tsaye, ko batir babu a ciki zai yi aiki. A PS5 ba haka ba ne. Ko an soka kebul, caji kawai yake sha, maganarsa da na'ura ta Bluetooth take ci gaba, sai an shiga saiti, sashen Accessories, wajen hannu, an canza hanyar sadarwa zuwa kebul na USB. Mutum sai ya ce ai na gwada da kebul ma yana yankewa, ya yanke hukunci na'urar ce ta lalace, alhali gwajin bai ma fara ba. Don haka a canza wannan saitin, a bar yaran su buga ƙwallonsu tsawon yamma da kebul a jiki. Idan bai yanke ba ko sau ɗaya, hannun da na'urar suna jin juna, matsalar a iska take, sai a koma kan maganar rawuta da wurin ajiya. Idan ya yanke duk da haka, a canza kebul, a canza mahaɗi. Ya sake yi, to a aro hannun maƙwabta a gwada. Na aro ya zauna lafiya, naku ne mara lafiya. Shi ma ya yanke, na'urar ce.

Kafin a kai ga aro, akwai ɗan rami a bayan DualSense kusa da inda aka rubuta SONY. A kashe PS5 gaba ɗaya, a sa tsinke ko abin cire layin waya a danne maɓallin ciki kamar daƙiƙa biyar, a soka kebul, a kunna, a danna PS. Makamancinsa a Xbox shi ne a cire batir a mayar, a kuma danne maɓallin kunna na'urar daƙiƙa goma har ta mutu murus, sannan a sake kunnawa.

Wajen batir kuwa hukuncin ya juya, ko in ce ya rabu biyu. Hannun Xbox batir AA guda biyu yake ci. Mafi yawan yankewarsa daga nan take: batir mai arha na ƴan riyal kaɗan yana nuna da sauran ƙarfi, amma da hannun ya yi girgiza sai wutar ta faɗi, ya mutu. Ko batirin ya ɗan goce daga mazauninsa idan yaro ya buga hannun a ƙasa saboda an ci shi. Kuma ko ka sa AA masu caji, kebul ba ya caja su a cikin hannun, sai dai batir na musamman da ake sayarwa daban. Gidan da ke da yara uku, ka sa kuɗin batir a lissafin cefane. Amfaninsa dai, idan batir ya gaji ka jefar ka sa wani.

DualSense nasa a ciki yake, mai ƙarfin mAh 1,560, ga girgiza ta zamani, ga maɓallan baya masu tauri da sassauci, ga makirfo, ga lasifika, ga fitila, duk daga jikinsa suke sha. Yana saurin ƙarewa, kuma idan ya tsufa sai an kwance hannun. A sabuwar na'ura irin taku tsufa ba shi ne ba, rashin caji ne. Yara su soka shi da dare su kashe na'urar, da safe su tarar babu komai, don PS5 ba ta ba USB wuta idan an kashe ta ɗungurungum. Sai tana yanayin hutu, kuma an kunna mata ba da wutar a saitin tanadin lantarki. Sai zafi. Kada a bar hannun a mota da rana, ka san yadda cikin mota yake komawa a Makka a watan Yuli, batirin litiyam ba ya jure wannan. Ita kanta na'urar, iyakar zafin ɗakin da Sony ta rubuta mata digiri 35 ne.

Wani abin ma ba lalacewa ba ne. Hannun Xbox yana kashe kansa idan aka ajiye shi minti 15 ba a taɓa ba, PS5 kuma tana da saitin minti 10 ko 30 ko 60. An tafi sallar La'asar an dawo an tarar ya mutu, wannan aikinsa ya yi. Idan kuma abin da yaran ke kira yankewa jinkiri ne, a danna sai daga baya ɗan wasa ya motsa, a duba talabijin a sa shi a yanayin gem. Hannayen biyu duk suna da manhajarsu da ake sabuntawa, na PS5 a wancan sashen na Accessories, na Xbox a manhajar Xbox Accessories. Sabon kaya yakan daɗe a sito kafin ya iso hannunka, a sabunta na'urar da hannun tun ranar farko.

Idan haɗin hannu kaɗai za a auna, Xbox ta ɗan fi: ta fi sauƙin haɗawa, ta fi sauƙin komawa kan kebul, kuma hannun Xbox One na da yana aiki a kanta, inda DualShock 4 ba ya buga wasannin PS5, sai na PS4. Amma ratar ba ta kai a canza na'ura ba. Faifan da ka saya wa PS5 ba ya shiga Xbox, ƙaramar Xbox ɗin, Series S, ma ba ta da wurin faifai sam, kuɗin da aka zuba a asusun PlayStation ba ya bin ka, kuma ka san a ƙasar nan yawancin yaran unguwa Soni, wato PlayStation, suke bugawa, da su ake musayar faifai da aron hannu.

Idan gwajin kebul ya nuna hannun ne ko na'urar, kada kowa ya kwance ta, kada a kai wa mai gyaran waya. Ka'idar Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ita ce garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, don haka ka nemo fatura, wato rasit. Duba ko samfurin wakilin nan ƙasar ne ko wanda aka shigo da shi daga wata kasuwa, domin na biyun sau da yawa garantin shago ne kawai a kansa. Wanda ya saya a manyan shaguna irin Jarir ko eXtra yana da takarda a hannu. Wanda ya sayo a Haraj, kasuwar gwanjo, ko hannu da hannu, sai yadda suka yi da mai sayarwa, kuma a irin wannan cinikin ne jabun hannu yake shigowa cikin kwali mai kyau. Ka tafi da na'urar da hannun da kebul ɗinsu tare, da ɗan bidiyon lokacin da yake yankewa, saboda yakan ƙi yi a gaban mai shago. Idan aka ƙi sauraronka alhali fatura tana hannunka, lambar ma'aikatar 1900 ce, ko ka shigar da ƙorafi ta manhajarsu ta Balagh Tijari.